Waƙar da Ba Ta Kwana Gida Biyu

Akwai wata mata a unguwarmu ta Olaya, can gangaren tafki inda ruwa ke shigo wa mutane ɗaki ba sallama, sunanta Nicolasa. Doña Nico ake ce mata. Mai suyar arefa ce, wato wainar masara, kuma tun da nake ban taɓa ganin wanda ya yi ciniki da ita ya tashi da dariya ba.

Mijinta Dagoberto, wanda ake kira Dago, shi ne mai El Terco. Duk wanda ya taɓa taka rawa a wannan gefe na Cartagena ya san pikon nan na kiɗa: lasifiku tsibi guda sun fi mutum tsayi, da zanen jaki mai jan ido a gaba. In aka kunna shi ranar Lahadi da rana, sai kwanuka su riƙa tafiya da kansu a kan tebur. Terco mai taurin kai ke nan, kuma daga mai kayan har matarsa babu wanda za a koya wa.

To, ba ƙara ke ɗaga piko ba. Ƙara ko injin niƙa yana da ita. Abin da ke ɗaga piko shi ne waƙar da babu ita ko'ina sai wurinsa.

A ƙuruciyar Dago, ma'aikatan jirgin ruwa ke saukowa da faya-fayan Afirka a ƙarƙashin riga. In ya sayi faifai, kafin ya iso gida ya jefa kwalin a tafki. Sai ya zauna da wuƙa ya kankare takardar tsakiya tas, sunan mawaƙi da ƙasarsa duk su tafi, don kada wani ya leƙa ya je ya nemo irinsa. Daga nan ya raɗa wa waƙar sabon suna. Haka kowa ke yi, amma Dago ya fi kowa tsanani. Maganarsa kullum ɗaya ce:

"Waƙar da ta kwana gida biyu ta zama ta titi."

A cikin waƙoƙin akwai wata da jita ke kuka a hankali kamar ana lallashin yaro, wani mutum yana rerawa da yaren da babu mai ji a unguwar. Ita Dago ya sa wa suna La Nicolasa. Da ita ya nemi auren Nico lokacin tana suya a bakin shingen filin rawa. Ta ja masa rai har damina ta wuce, don mace mai daraja ba a ɗaukarta a tayin farko.

Dago yana da abokin gaba guda, Nemesio, mai pikon El Cangrejo, wanda aka zana wa ƙaguwa. Shekara da shekaru suna karawa, kowa na cewa shi ne a sama. Kuma duk unguwa ta san halin Nemesio. In El Terco na kiɗa, sai ya laɓe a bayan shinge da rakoda a cikin buhu, yana ɗaukar waƙoƙin a kaset, ko Allah zai sa wani matuƙin jirgi ya gane su ya samo masa.

Dago ya san yana nan. Don haka da waƙa ta ɗauko daɗi, sai ya fizgi makirufo ya hau surutu a kanta, yana kirari, yana zagi, yana ba'a, har ta ƙare. Masu rawa sun saba. Ɓarawo kuwa ya tafi gida da kaset ɗin da ba zai kaɗu a ko'ina ba.

Da zamani ya juya, faya-fayan suka tsufa, sai Dago ya kulle ƙofa shi da 'yarsu Marelbis, suka yi ta juye waƙoƙin cikin kwamfuta, har da kirarin da ya naɗa da muryarsa. Da suka gama, ya sa aka kwashe komai cikin wani baƙin memori da bai fi sabulun wanki girma ba, ya tsaya a kanta sai da ta goge na cikin kwamfutar.

"Baba, a bar kwafi ɗaya mana."

"Kwafi? Ke 'yar wa ce, tawa ko ta Ƙaguwa?"

A daminar da ta biyo baya tafki ya cika ya shigo gida. Faya-fayan suka sha laka. Dago ya wanke su ya shanya a kan kwano, rana ta lanƙwasa su kamar soyayyiyar ayaba. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya shafa aljihun da memorin yake, ya ce ba komai, suna nan.

Wata safiya ya sha kofinsa, ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ya kishingiɗa. Bai tashi ba.

Bayan an share makoki, Doña Nico ta ɗauki memorin ta naɗe shi a hankicin Dago, ta sa a leda, ta ɗora a kan teburin waliyyai, tsakanin hoton Budurwa Maryamu da kofin ruwan da ake ajiye wa mamaci. Kullum ta kunna masa kyandir. El Terco kuwa aka lulluɓe shi da tamfol a bayan gida.

Marelbis ma'aikaciyar jinya ce, tana aure a can Turbaco, kan tudu. Duk ranar da ta zo sai ta tayar da maganar.

"Mama, abin nan ba ƙashin waliyyi ba ne. Ƙarfe ne. Iskar nan da ke cin ƙusar ƙofa, shi ma tana cinsa."

"Yana cikin leda."

"Ledar ce ma ke tara masa gumi. Ki ba ni in kwafa. Ɗaya a gidana, ɗaya a intanet, wannan ya zauna wurinki."

"Intanet! Wato in ɗauki abin da ubanki ya hana Nemesio shekara da shekaru, in zuba a kasuwar duniya."

"Da makulli ake ajiyewa, Mama."

"Wa ya ƙera makullin?"

Marelbis ta yi ajiyar zuciya. "To ko kunna shi mu riƙa yi lokaci-lokaci, mu ga yana da rai."

"A'a. Faifai ma yawan kaɗawa ke cinye shi. Na ga yadda allura ke yi. Abin da aka adana ba a taɓa shi."

"Wannan ba shi da allura irin waccan."

"Ke dai kin yi boko, kin iya ba mutane magani. Ni na zauna da ubanki tun ba ki san hanyar duniya ba. Ci abincinki."

Kada ku yi saurin zagin Nico. Wadda ta binne miji ta san yadda abin yake. Kowa ya zo gaisuwa idonsa na kan kayan. Wannan ya ce a sayar masa da lasifika, wancan ya ce a ara masa waƙa ɗaya tak. In ba ki koyi cewa a'a ba, kafin shekara ko kujerar zama ba ki da ita. Nico ta koyi a'a, sai dai ta koya fiye da kima, har ba ta bambanta ɓarawo da 'yar cikinta.

Haka aka tafi har cikar shekarar rasuwar Dago ta matso. Nico ta riga ta sanar da unguwa: bayan addu'ar coci za a fito da El Terco titi, a kaɗa La Nicolasa, a ji kirarin Dago sau ɗaya, sannan a mayar da jakin ƙarƙashin tamfol ya huta har abada. Ta sayi kyandirori, ta yi maganar ƙashin saniya na miyar sankocho da mahauci.

Ana saura 'yan makonni Marelbis ta zo da kwamfutarta a gwada. Nico ta wanke hannu, ta kwance ledar, ta warware hankicin. Hankicin da danshi. Bakin memorin, inda waya ke shiga, ya yi kore kamar tsohon kwabo.

Marelbis ta karɓa. Ta goge, ta jona.

Abin ya yi ƙas. Ya yi shiru. Ya sake yin ƙas, ƙas, kamar ƙadangare a cikin rufi. Fuskar kwamfuta ba ta nuna komai ba.

"Barci yake," in ji Nico. "Ya daɗe a kwance. Ba shi lokaci."

Suka ba shi lokaci har shinkafar kwakwa ta ƙone a kan wuta.

Washegari ta sa rigar zuwa coci ta hau bas zuwa kasuwar Bazurto, wurin masu gyara. Ta zaga su ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshe, wani mai furfura da gilashi a goshi, ya buɗe ya duba a ƙarƙashin fitila, ya kira ta ta gani da idonta. Ciki ya yi tsatsa, farantin ya yi zane.

"Doña, teku ta riga ki."

"Ba duka nake so ba. Ciro mini rabi."

"Babu rabi."

"To waƙa ɗaya. Da kirari ɗaya. Sauran na bar maka."

"Doña, ba ɓoyewa nake ba. Ina kwafinki?"

Ta dube shi kamar ya zage ta. "Gidanmu ba ma kwafi."

Mutumin ya sauke gilashinsa, ya mayar da murfin, ya miƙa mata da hannu biyu kamar mai miƙa gawar jariri. Nico da ba a taɓa ƙure ta a ciniki ba ta tsaya nan cikin warin kifi da ihun 'yan tura, ta rasa abin da za ta taya.

Ta koma gida ta ci gaba da suya, don ciki bai san makoki ba. Amma jikinta ya mutu. Marelbis ta ce akwai manhajar da ke gane waƙa in an rera mata. Nico ta kara bakinta a wayar ta yi ta gunguni, wayar na kawo mata waƙoƙin da ba ta taɓa ji ba. Sunan mawaƙi babu, ƙasa babu, Dago ya kankare su da wuƙa tun kafin a haifi Marelbis. Kuma tana cikin rerawa ta lura tsakiyar waƙar ya ɓace mata.

Wannan bai tsorata ta kamar abin da ya biyo baya ba. Tana juya arefa a mai ta nemi yadda Dago ke kiran sunanta a makirufo, yadda yake jan ƙarshensa, ta nema ta rasa. Fuskar tana nan a hoto. Muryar ce ta fara tafiya.

Wata Lahadi maƙwabta suna biki da ɗan ƙaramin pikonsu. Nico na zaune a bakin kaskonta sai ta ga wani mutum ya ɗaga waya sama da katanga yana ɗauka. Hannunta ya tashi da kansa da matsamin suya, za ta kore shi kamar yadda ta saba korar Nemesio a da. Sai hannun ya tsaya a sama.

Ta daɗe a haka, mai yana ɗiga.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Da safe ta soya arefa masu ƙwai, ta zaɓi waɗanda suka fi kumbura, ta naɗe a takarda. Ba kyauta ba ce. Ba a zuwa ciniki hannu wofi. Ta ce wa Marelbis ta biyo ta, amma ta rufe bakinta.

Sun sami Nemesio a kujerar lilo a ƙofar gidansa, ƙafafu a kumbure cikin silifas, kunne ɗaya ya mutu. El Cangrejo ya daɗe da watsewa. Lasifikun suna wani coci suna wa'azi, allon da aka zana ƙaguwar kuwa shi ne ƙofar akurkin kaji.

Ya ƙanƙance ido. "Wa nake gani kamar matar Jaki? Ko mutuwa ce ta aiko ki ki duba ko na shirya?"

"Mutuwa ba ta aike wurinka, Nemesio. A karkace kake tafiya, ta kasa kama ka."

"Zauna. Me ke cikin takardar?"

"Ya danganta."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Marelbis ta durƙusa ta gaishe shi, "Baba Nemesio, ina ƙafa?" Ya ce ƙafa tana nan, ita ce ma ta rage.

Nico ba ta iya kewaye-kewaye ba. Ta dubi akurkin kaji, ba shi ba, ta ce, "Akwatin Dago ya mutu."

"Me? Ta nan kunnen."

"Na ce akwatin ya mutu! Waƙoƙin sun tafi. Duka."

Ta shirya wa dariya. Ta ma tanadi amsar da za ta mayar. Amma lilon ya tsaya. Tsohon ya dube ta.

"Har La Nicolasa?"

"Har ita."

"Kai," in ji shi. "Kai, Dago. Na yi ta cewa wata rana zan ji ta wankakkiya, ba haushin jaki a kai. Ko sau ɗaya." Ya share fuska da tafin hannu. "Ashe tare muka yi asara."

"Kaset ɗin da ka sata. Suna nan?"

"Sata? Iska na ɗauka. Iskar unguwa ta ubanki ce?"

"Suna nan ko ba sa nan?"

Suna nan. Cikin tsohuwar firij da ba ta aiki, a ɗakin baya, an jera su kamar bulo. Ya ce firij ce kaɗai abin da ruwa bai shiga ba a gidan. Bai kunna su ba tun da kunnensa ya tafi.

"Me kake so?" in ji Nico.

Ya gyara zama. Idonsa ya dawo irin na da. "Ranar cikar shekara, ki ɗauki makirufo ki faɗa wa unguwa cewa karawar da muka yi a filin Candela, El Cangrejo ne ya ci."

"Allah ya kiyaye. Fis ɗinka ya ƙone, mutane suka dawo wurinmu."

"Dago ne ya aika aka zuba mini ruwa a waya!"

"Ruwan sama ne."

"A watan Fabrairu?"

"Abin da zan iya," in ji Nico, "in ce ka yi ƙoƙari."

"Ƙoƙari! Ɗauki arefarki ki tafi."

Ta miƙe da gaske, ta ɗauki takardar. Ta kai bakin titi yana kallonta, ƙamshin ƙwai na bin ta. Ita ta san ba ta da wurin zuwa, shi ma ya san babu wanda zai sake tambayarsa kaset ɗin nan har ya mutu.

"Canjaras," ya ce da ƙarfi. "Ki ce canjaras aka yi."

Ta juyo. "Canjaras. Amma ba a makirufo ba."

"A makirufo. Da kujera a gaba, cikin inuwa. Da ƙashi mai ɓargo."

"Ba ka da haƙori."

"Zan tsotsa."

Ta ajiye masa takardar a cinya. An gama.

Marelbis ta fito da kaset ɗin cikin kwali, da tsohuwar rakodar. Wasu sun yi furfurar danshi. Ta ce, "Mama, bari in kira mijina ya kawo waya da kwamfuta. Duk wanda za a kunna a riƙa naɗa a lokacin. Tsofaffi ne, wani sau ɗaya zai yi."

"Babu kwafi," in ji Nico. "Sata ɗaya ta isa. Aro na zo. A nemo mai waƙata, a kaɗa ranar daga kaset, in dawo masa da abinsa."

"Mama."

"Na ce babu."

Nemesio ya daina tauna, ya dube ta, ya dubi Marelbis. "Jakin ya mutu ya bar mana jaka," ya ce. Ya zaro kaset ɗaya ya tura cikin rakodar da kansa.

Da farko shuu kawai ake ji. Sai ƙarar kwalabe, da haushin kare. Sai ganga ta shigo daga nesa. Sannan, kamar ya buɗe ƙofa ya shigo tsakar gidan, ga Dago:

"Jama'ar Olaya! Ku matsa, jaki zai yi harbi! Wannan da kuke ji, daga bakin teku ta zo, kuma babu wanda..."

Muryar ta yi kauri, ta ja kamar ɗanko, ta nutse. Rakodar ta yi ƙurr. Marelbis ta danne maɓalli ta buɗe, zaren kaset ya fito a cukurkuɗe, ya manne, ya tsinke a hannunta. Baƙin gari ya zuba a yatsunta.

Kaza ta leƙo ta ƙarƙashin ƙaguwa ta koma.

Nico na zaune, hannuwa a cinya. Shekara guda ba ta ji muryar nan ba. An ba ta ita kamar kurɓin ruwa, kuma a gabanta, da umarninta, ta tsinke a tsakiyar magana. Abin da zai faɗa bayan "babu wanda" ya tafi ke nan.

Ta dubi kwalin. Ta dubi garin da ke yatsun 'yarta.

"Marelbis."

"Na'am, Mama."

"Kira mijinki."

Aikin bai yi sauri ba. Suka samo wata rakoda mai lafiya wurin mai gyaran nan na kasuwa, ya nuna musu yadda ake goge kanta da yadda ake juya kaset da biro a hankali kafin a kunna. Kullum bayan suya Nico ta zo ta zauna a tsakar gidan abokin gabar mijinta, ana kunnawa ana naɗa. Wasu suka tsinke. Wasu babu komai sai iska. Wanda ya fita lafiya, Nico ta faɗi sunan waƙar da filin da aka kaɗa ta, Nemesio ya musa, su yi ta gardama, Marelbis na rubutawa a jikin kowane.

La Nicolasa ta fito a wani kaset mai fasasshen murfi, can ƙasan kwali.

Ba wankakkiya ba ce. Jitar tana leƙowa ne kawai tsakanin maganganun Dago, kamar rana ta cikin shinge. Ga ihun masu rawa. Can gefe ga wata yarinya mai kaifin murya tana cewa, "In ba ka da canji ajiye mini arefata, ba sadaka na fito ba!"

Marelbis ta dubi uwarta. "Mama, ke ce?"

"Ya so ya cuce ni," in ji Nico, tana share ido da bakin zane.

Da aka gama, ba a sake gardamar gida nawa ba. Ɗaya a wurin Nico, cikin kwalba mai murfi, nesa da kofin ruwa. Ɗaya a Turbaco kan tudu. Ɗaya a intanet da makullinsa. Nemesio ya ce shi fa, kayansa ne. Nico ta yi tsaki, ta ce a ba shi, ai kunnen ji ba shi da shi.

Ranar cikar shekara, bayan coci, aka yaye tamfol. Jakin ya koɗe, ido ɗaya ya goge. Aka kafa shi a titi, tukunyar sankocho na tafasa a gefe. Nemesio na gaba cikin inuwa da farar riga, ƙashinsa a kwano, ya juyo da kunnen kirki wajen lasifika.

Nico ta karɓi makirufo kamar mai karɓar magani mai ɗaci. "Karawar filin Candela," ta ce, "canjaras aka yi." Ta ajiye da sauri. Tsofaffi suka kwashe da dariya, wani ya ce ƙarya ne, wani ya ce ashe za a ga wannan rana.

Sai aka saki waƙar.

Jita ta fara kukanta. Kwanuka suka fara tafiya. Muryar Dago ta fito daga cikin jakin, sabuwa, mai ƙarfi, ta cika titi:

"Wannan ta Nicolaaasa ce, mai suyar da ta fi zinariya tsada! Kai kuma na bayan shinge, Nemesio, na gan ka! Buhunka na motsi! Ɗauka, Ƙaguwa, ɗauka da kyau! Waƙa dai ba za ka samu ba. Muryata kawai za ka kai gida!"

Titi ya ɗauki ihu. Nemesio ya ɗaga ƙashinsa sama yana girgizawa, hawaye na bin kumatunsa.

"Na kai ta, Jaki!" ya ce. "Na kai ta gida. Ga ta nan na dawo maka da ita."

Nico ba ta yi rawa ba. Ƙafafunta sun gaji, kuma akwai masu jiran miya. Ta tsaya da ludayi a hannu har waƙar ta ƙare. Wankakkiyar La Nicolasa, wadda Dago ya ɓoye wa duniya, babu wanda zai sake jin ta, kuma ta san wa ya jawo. Abin da ya rage mata shi ne wanda ɓarawo ya tsinta ta bayan shinge, da haushin kare a ciki.

"A sake?" in ji Marelbis.

Bakin Nico ya buɗe zai ce a'a, kada ta cinye. Sai ta tuna.

"Sake," ta ce. "Akwai wata a gida."

Darasi: Abin da ka ɓoye wuri ɗaya ba ajiya ka yi ba, jinkirta asara ka yi. Muryar uwarka, wa'azin mahaifinka, dariyar wanda ya riga mu, in suna cikin waya ɗaya ko memori ɗaya, to yau ɗin nan ka kwafe su wuri uku, ɗaya ya kwana a wani gida. Ka sa wa kowane suna, ka riƙa kunnawa kana dubawa, in mazubin ya tsufa ka sauya masa sabo. Kuma kada girman kai ya hana ka jin maganar ɗanka, don ba kowa ke da abokin gabar da zai yi masa ajiya ba. Gemun Nico ya riga ya kama wuta, ku shafa wa naku ruwa. Ku tura wa 'yan uwa, musamman mai taurin kan nan na gidanku, kun san shi.